Battar Inna Balkissa

Tun daga yadda Abdoulkarim ya ajiye taksinsa a gindin dogon yaron ƙofar gidansu, Zalika ta san yau da magana.

Kullum in ya zo zance bayan la'asar sai ya taɓa oda, ya fito da ledar kilishi a hannu, ya tsaya bakin ƙofa yana tsokanar kakarta: “Ina amaryata tsohuwa? Ta fito ta karɓi cefane!” Inna Balkissa kuma ta amso daga ciki cewa ita ba ta auren mai warin esansin mota.

Yau babu oda, babu kilishi. Ya kashe mota ya zauna a ciki kamar wanda aka aiko da saƙon rasuwa.

Zalika ta gyara hijabinta, ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta zauna can gefe. Sannan ya fito.

“Ina wuni,” ta ce, idonta a kan yatsun ƙafarta. Haka take. Duk daɗewarsu tare, ba ta iya kallonsa ido cikin ido.

“Lafiya lau, Zalika.”

Gimbiyar Talladjé yake ce mata, da sunan unguwarsu. Ba ya kiran sunanta sai abu ya ɓaci.

“Mi ya faru?”

Ya daɗe yana juya makullin mota a hannunsa.

“Hajiyarmu ta ce a dakata da zuwan manya. Ta tura ƙanwarta bincike unguwar nan. Wallahi ba wanda ya faɗi aibunki. Sun ce ba ki da yawo, ba ki da baki, ko gaisuwarki sai an kasa kunne ake ji.”

“To mi ya rage?”

“Maganar jarirai,” in ji shi. “Maƙwabta sun ce duk ɗan da matan gidanku suka haifa ƙarami yake zuwa, kuma ba ya barin kowa ya runtsa. Murɗar ciki, kumburi, tumbuɗi, kuka har murya ta dishe. Sun kawo misali da ɗiyan yayarki Salima. Sun ce ke kanki...”

“Faɗi mana.”

“Sun ce da kina jaririya, sai da masu gidan baya suka tashi suka sake unguwa.”

Ba ƙarya aka yi mata ba. Har gobe Jiniya tsofaffin layin suke kiranta, kuma har yau in ta ci wake ko yaji sai ta wuni riƙe da ciki.

“Ni ma haka na yi wa Hajiya ina jariri,” ya ci gaba. “Ta ce ta goya ni tana zagaya tsakar gida har ƙafafunta suka kumbura. Ta ce wajen dangin Baba na gado. Shi ne ta rantse ba za ta haɗa jini biyu masu ciwon ciki ba, ta zauna tana kallon jikanta yana miƙa yana ihu.”

Hawayen da Zalika take riƙewa suka zubo.

“To ni yaya zan yi da jinina, Abdoul? Wanke shi zan yi? In da hali ne sai in gyara. In da girki ne sai in koya. Wannan ina zan kai shi?”

“Don Allah bar kuka. Ni ko ɗanmu zai yi ihu har a jiyo shi a Harobanda, ƙetaren kogi, ni zan ɗauke shi. In sa shi a taksi in yi ta zagaya Yamai da shi har ya gaji ya yi barci.”

Dariya ta ƙwace mata cikin kukan, ta rufe baki da gefen hijabi.

“Amma ba zan ɗaura aure Hajiya ta juya mini baya ba,” ya ce a hankali. “Ke ma ba za ki so haka ba.”

“Ba zan so ba.”

“Ki ba ni lokaci.”

Ta gyaɗa kai, ta naɗe tabarmarta. Tana shiga gida ta ga sabon buhun taba a jingine bakin ɗakin Inna, an ɗora kwalin sabulu da kwalbar turare a kansa.

Ba sai an gaya mata wanda ya aiko ba.

* * *

Taba gari ita ce sana'ar Inna Balkissa. Ganyen daga wajen Maradi ake kawo mata. Ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta haɗa da jar kanwa da wani gwargwado da ita kaɗai ta sani, sannan ta kai tirenta kasuwar Wadata, layin masu kanwa da citta. Da wannan tiren ta raini Salima da Zalika tun ranar da uwarsu ta rasu, don ubansu direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanyar Kotono take.

Nassirou shi ne dillalin da ke kawo mata ganyen. Ba mummuna ba ne, kuma yana da abin hannunsa, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Ya daɗe yana aiko da sabulu da turare, Zalika tana rarrabar da su ga maƙwabta.

“Na ji komi,” in ji Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. “Kunnena bai tsufa ba. In su Hajiya na Koira Kano ba su so, Nassirou yana so, kuma shi bai tura kowa bincike ba.”

“Inna, ni ba na son shi.”

“Ban yi wa uwarki dole ba, ba zan yi miki ba. Amma ba zan bar ki ki tsufa a kan tabarma kina jiran wata ta gama auna jininmu ba. Jininmu lafiyarsa lau. Jariri ai da kuka aka san shi.”

Zalika ta wuce ɗaki.

Salima tana ciki tana ninke kayan jariri. Ta zo ganin gida ne daga Tahoua, inda aka kai mijinta aiki, da ɗanta na uku a goye. Isa sunansa. Yana kwance tsakiyar katifa, ya baje hannuwa, kumatunsa kamar fanke, yana barcinsa hankali kwance.

Zalika ta kwanta kusa da shi tana shan majina. Ta daɗe tana kallon cikinsa yana hawa yana sauka. Sai wani abu ya faɗo mata.

“Yaya, tun da kuka zo ban ji kukan Isa ba.”

Hannun Salima ya tsaya.

“Yana yi mana, in yunwa ta kama shi.”

“Ba wannan ba. Irin na yayyensa. Irin wanda suke naɗe ƙafa su sandare, mu yi ta karɓa-karɓa da su.”

Salima ta leƙa tsakar gida, ta saki labule. Ta jawo jakarta, ta tura hannu can ƙasa ta fito da wani abu a naɗe cikin tsumma.

Batta ce. Zalika ta san ta kamar yadda ta san fuskar Inna. Ƴar ƙaramar batta ta fatar raƙumi, ta yi baƙi saboda tsufa, Inna ta gaje ta wajen uwarta. Al'adar gidan ke nan: duk ɗiyar da ciki ya bayyana gare ta, sai Inna ta cika battar da taba mafi laushi ta damƙa mata. A ɗan cusa ƙarƙashin leɓe, wai tana tsayar da tashin zuciya da yawan yawun laulayi. In an haihu a dawo da batta, ta jira mai ciki ta gaba. Uwarsu ta riƙe ta. Salima ma ta riƙe ta a cikinta na fari da na biyu.

Salima ta buɗe. A cike take maƙil, tabar har ta dunƙule.

“Ba ki taɓa ba?”

“Na fara. Ranar da na je awon farko a matanite, asibitin haihuwa na Tahoua, Madam ungozoma ta ce in buɗe baki. Ta ga leɓena ta ce, wannan fa? Na ce maganin laulayi ne na gidanmu. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna.”

“Ta ce mi?”

“Ta ce, kina tsammani don babu hayaƙi ba taba ba ce? Abin da ke cikinta ta leɓe yake shiga jini, kuma daga jinin nan ɗanki yake ci. Tana tauye girmansa, tana iya sa ya zo kafin lokaci, kuma an lura ɗiyan mata masu taba sun fi yawan kukan ciwon ciki. Ta ce, ban ce miki duk jaririn da ya yi kuka taba ce ba, amma mi zai sa ki gwada da naki?”

Zalika ta tashi zaune.

“Na sha wuya kafin in saba,” in ji Salima. “Bakina ya yi ta nema. Na koma citta da lemun tsami, in ci abinci kaɗan-kaɗan. Ga shi nan dai kina gani. Ikon Allah ne, amma ni na ga bambanci.”

“Yaya, ashe ba jini ba ne! Ki gaya wa Inna!”

“In ce mata mi? In ce abin da take ba mu don ƙauna shi ya hana jikokinta barci? Tsohuwar da ta ciyar da mu da wannan tabar? Ni ce mata na yi na shanye, na manta battar a Tahoua.” Ta kama hannun ƙanwarta. “Ke ma kar ki kai wa Abdoulkarim. In kin wanke jininki, sunan Inna kika ɓata. Duk Wadata da wannan maganin aka san ta.”

Zalika ta dubi battar, ta dubi Isa. Maganar da za ta buɗe mata ƙofar gidan Hajiya tana hannunta, amma ba halin faɗa.

* * *

Ranar Talata Inna ta tafi ta'aziyya, ta bar wa Zalika tire.

Wadata ta cika kamar kullum. Masu kura suna ihun a ba su hanya, ƴan kabu-kabu suna kutsawa tsakanin mutane, ƙarar kekunan teloli tana tashi daga layin baya. Zalika ta zauna bayan tire ta ja hijabi har goshi. Tsofaffin da suka saba sun zo, ta ƙulla musu, suka tsokane ta da Jiniya suka wuce.

Nassirou kuwa ya samu dama. Ya zauna kan buhu a rumfar kusa, yana ba ta labarin filin da ya saya da babur ɗin da zai canja. Ita dai “to” kawai take cewa.

“Fofo, ƴammata. Nan ne wajen tsohuwa mai tabar laulayi?”

Zalika ta ɗago.

Dattijuwa ce fara, doguwa, da lafaya ruwan toka da farin tabarau. Zalika ta sha ganin wannan fuskar a salular Abdoulkarim. Hajiya Haoua ce, uwarsa. Ita kuwa Hajiya ba ta taɓa ganin Zalika ba, suna kawai ta sani.

“Nan ne, Hajiya. Ina kwana.”

“Lafiya lau. An ce haɗinta ya fi na kowa. Ɗiyata Hafsat ke da ƙaramin ciki, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Ƙulla mini mai laushin nan.”

Hafsat. Ƙanwar Abdoulkarim, wadda yake ta murnar zai zama kawu.

Zalika ta ɗauki cokali. In ta ƙulla, Hajiya za ta tafi ba ta san ko wace ce ba, Inna ba za ta ji komi ba, rana ta wuce lafiya. Ta tsoma cokalin cikin taba. Sai ta tuna da yayyen Isa, yadda suke sandarewa fuskarsu ta yi ja, Salima tana kuka suna kuka.

Ta ajiye cokalin.

“Hajiya, ki yi haƙuri. In don mai ciki ce, ba zan sayar ba.”

Hajiya ta zare tabarau. “Kin ce mi?”

“Ba... ba ta da kyau ga mai ciki.”

“Ikon Allah! Mai taba tana hana sayen taba. Ke likita ce?”

“A'a, Hajiya. Ni ko karatun lakwal ban gama ba. Yayata ce ungozoma ta gaya wa a wajen awo.” Idonta a ƙasa, ta faɗi abin da Madam ta ce, tana yi tana sarƙewa. Ta faɗi na ɗiyan Salima biyu da suka zo ƙanana suna kukan ciki, da na ukun da ba a sha masa taba ba. “Ban ce ki yarda da ni ba. In kun je awo ki tambaya. Amma da hannuna ba zan ƙulla ba.”

Hajiya ta kalle ta. A hankali, kamar da kanta take magana, ta ce, “Mu ma ai haka iyayenmu suka ba mu.”

Nassirou ya diro daga kan buhu.

“Hajiya, rabu da ita, yarinta ce! Zo in ba ki nawa, ganye ɗaya ne.” Ya juyo yana tafa hannu. “Haba Zalika! Kasuwar kakarki za ki kashe? Ke da aka raina da tabar nan a Talladjé? Wallahi yau sai Inna Balkissa ta ji!”

Zalika ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Hajiya ta maida tabaranta. Ta dubi yarinyar tun daga hijabi har silifas.

“Zalika,” ta ce. “Ta Talladjé. Mai yaya Salima.”

“Ni ce, Hajiya.”

“Kin san ni?”

“Na san ki.”

“Tun da na tsaya?”

“Tun da kika tsaya.”

Hajiya ta juya. Ta gyara lafayarta, ta wuce Nassirou da ƙullin tabarsa a hannu, ta shige cikin mutane.

* * *

Kafin Zalika ta kai gida, labari ya riga ta.

Inna tana zaune kan turmi, ko mayafin ta'aziyyar ba ta cire ba.

“Sannu da zuwa, likita. An ce yau kin yi wa Wadata wa'azi.”

Zalika ta ajiye tire ta durƙusa.

“Inna, ki yafe mini.”

“A gaban wa? A gaban matar da ta ce jininmu ba shi da kyau! Kin ba ta wuƙa da hannunki. Yanzu ba jini kaɗai za ta ce ba, cewa za ta yi tsohuwar gidan guba take sayarwa. Don ki samu miji kika sayar da ni?”

“Wallahi Inna ba don haka ba. Ni na san ma na rasa shi ke nan.” Kuka ya ci ƙarfinta. “Da wata ce ta zo, ko ban san ta ba, haka zan ce. Ke kika koya mini kar in sayar wa mutum abin da ba zan iya ci ba. Inna, ni kika goya ina kukan nan. Ke kika hana idonki barci. Na san ba ki taɓa nufin mu da sharri ba.”

“Uwata ta ba ni, na ba uwarku. Duk ga ku nan da ranku.”

Labule ya motsa. Salima ta fito da Isa a kafaɗa. Ta zo ta ɗora shi kan cinyar Inna, sannan ta ajiye battar a gefensa, a buɗe.

Inna ta dubi battar a cike. Ta dubi Salima.

“Ba ki manta ta a Tahoua ba.”

“Ban manta ba, Inna. Kunyarki na ji.”

Isa ya kama yatsan Inna ya kai baki yana gwalantu. Tsohuwar ta sa tafin hannu ta danna cikinsa a hankali, yadda ta saba danna na jarirai tana neman kumburi. Laushi ta ji. Ta sake dannawa. Yaron ya ƙyalƙyale da dariya.

Ba ta ce an yi gaskiya ba, ba ta ce an yi ƙarya ba. Ta ɗauki battar ta shige ɗaki.

Daga ciki suka jiyo muryarta: “Wancan buhun da sabulunsa, a maida wa Nassirou. Namijin da ya fara kawo ƙarar mace tun bai aure ta ba, in ya aure ta sai mu buɗe kotu a gidan nan.”

Salima ta toshe baki. Zalika kuwa ko murmushi ta kasa. Salularta shiru, Abdoulkarim bai kira ba.

* * *

Ranar Juma'a bayan la'asar, tana wanke-wanke, ta ji oda a ƙofar gida.

Kwano ya suɓuce mata.

“Ina amaryata tsohuwa?” Muryarsa ce, har da dariya a ciki. “Yau da baƙi na zo mata!”

“Ka shigo da su, mai warin esansi, kai ka tsaya waje!” in ji Inna.

Hajiya Haoua ta yi sallama ta shigo, wata siririyar matashiya tana bin ta da lemun tsami a hannu tana shinshinawa. Zalika ta gaishe su a durƙushe, ta gudu madafa. Daga nan take jin komi ta jikin zana.

Aka gaisa, aka tambayi gajiya da zafi, aka kawo ruwa. Sannan Hajiya ta ce, “Ina yaron da aka ba ni labari?”

Salima ta miƙa mata Isa. Hajiya ta auna shi a hannu, ta juya shi, ta taɓa cikinsa.

“Tubarkalla. Wannan ai buhun gero ne.” Ta numfasa. “Inna, jiya na raka Hafsat awo. Na tambayi ungozomarsu da bakina. Abin da jikarki ta faɗa mini a kasuwa, shi ta maimaita, har da ƙari.”

“Ni tabata ta tsofaffi ce daga yau,” in ji Inna a daƙile. “Mai ciki ko ta zo da kuka ba ta samu.”

“Tsofaffin ma ta ce mu rage, wai tana cin baki.”

“Wannan kuma sai ta zo ta gaya mini da kanta.”

Hajiya ta yi dariya har tabaranta ya zame. Da ta natsu sai ta ce, “Ni abin da ya hana ni sukuni daban ne. Cikin Abdoulkarim, tun daga watan farko har na haihu, taba tana bakina. Yaron nan ya zo ya yi mini kukan da ban taɓa ji ba. Shekara da shekaru ina zagin dangin ubansa a zuci, ina cewa su suka ba shi mugun ciki. Bayin Allah, har da waɗanda suka mutu!”

Inna ta kasa daurewa, ta tuntsire da dariya har da tari.

“Ina Zalikar?” in ji Hajiya. “Ta zo nan.”

Sai da Salima ta jawo ta. Ta durƙusa nesa, hijabi ya rufe rabin fuska.

“Matso, ɗiyata, ba cizo nake ba.” Hajiya ta kama hannunta. “Da kin ƙulla mini tabar nan, da ban san ke ce ba, kuma da kakarki ba ta yi fushi da ke ba. Kin san haka?”

“Na sani, Hajiya.”

“To mi ya sa?”

Zalika ta saci kallon Hafsat, ta sunkuyar da kai.

“Ɗan ba shi da bakin da zai ce ba ya so.”

Hafsat ta ɗora hannu a kan cikinta.

“Na tura bincike, an auno mini jini,” in ji Hajiya. “Ba wanda ya auno mini wannan. Inna, ki sanar da ubanta. In ya dawo daga Kotono, kawunnan Abdoulkarim za su zo, in kun ba mu.”

“Sai na yi shawara,” in ji Inna tana gyara ɗaurin kallabi. “Mu ma za mu tura bincike. An ce yaron naku ya cika kuka.”

Aka sake fashewa da dariya. Daga waje Abdoulkarim ya ɗaga murya: “Amarya, ina jin ki fa!”

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito, battar tana hannunta. Gaban Zalika ya faɗi, Salima ta dafe ƙirji. Tsohuwar ta wuce su, ta tsaya gaban Hafsat.

“A gidan nan mai ciki ake ba wannan. Tun da za mu zama ɗaya, ke ce a layi. Buɗe.”

Hafsat ta dubi uwarta, ta buɗe a tsorace. An wanke battar tas, an shanya ta har warin ya fita. Busasshiyar citta ce a ciki, an yanka ta ƙanana.

“Ki riƙa tsotsa kaɗan-kaɗan. In kin je awo ki nuna wa Madam ɗin taku, kar a ce ban tambaya ba.” Ta juyo ta harari Zalika. “In kin haihu ki dawo mini da abata da wuri. Akwai wata Jiniya a nan da za ta buƙace ta.”

Zalika ta rufe fuska ta ruga ƙofar gida don kunya, ta manta wanda ke tsaye a wajen.

Yana jingine da taksi, da ledar kilishi a hannu.

“Gimbiyar Talladjé,” ya ce.

Ta ɗago ta kalle shi ido cikin ido. Ba ta daɗe ba, amma ta kalla.